Nazarin Lamari: Yadda Aka Zaɓar wa Risibar Siliman Gida Amfilifaya a Wani Falo a Kano

Gidan da kayan da ke cikinsa, 2019 zuwa 2022

Mutumin da wannan bayani ya shafa ma'aikaci ne mai iyali da ke zaune a birnin Kano, kuma ya daɗe yana sha'awar kallon finafinai da wasannin ƙwallo da sauti mai kyau. Falonsa yana da tsawon mita 6 da faɗin mita 4 da rabi, an shimfiɗa masa tayil, akwai labule masu kauri a tagogi biyu, kuma kujerar da yake zama tana da nisan mita 4 daga bangon da talabijin take. A shekarar 2019 ya sayi risibar sauti mai layi bakwai. Ya kamata a bambanta ta da abin da galibin mutane ke kira risiba, wato dikodar tauraron ɗan'adam. Wadda ake magana a kanta a nan akwati ce da ke karɓar hoto da sauti daga dikoda da sauran na'urori, ta aika hoton zuwa talabijin, ta rarraba sautin layi-layi, sannan ta ƙarfafa kowane layi kafin ta tura shi ga sifikarsa. Ayyuka biyu ke nan a jiki ɗaya: sarrafa sauti da kuma ba shi ƙarfi.

Tsarin da ya yi shi ne wanda ake rubutawa 5.1.2: sifika uku a gaba, wato hagu da tsakiya da dama, biyu a gefen kujeru, biyu a jikin silin domin sautin sama na Dolby Atmos, wanda ya fara shiga gidaje a 2014, sai kuma wufa guda ɗaya, wato sifikar sauti mai zurfi, mai amfilifayarta a ciki (amfilifaya ita ce na'urar da ke ƙarfafa sauti). Sifikokin gaba na farko masu om 8 ne (om ma'aunin yadda sifika ke tare wuta ne; mai ƙaramin om ta fi zuƙar wuta), kuma takardarsu ta nuna suna ba da ƙarar da ta kai desibel 90 a nisan mita ɗaya idan aka ba su wat ɗaya. Shekara uku wannan haɗi ya yi yana aiki ba tare da wani ƙorafi ba, duk da cewa risibar tana cikin durowar katako mai ƙofar gilashi a ƙarƙashin talabijin.

A watan Oktoban 2022, ana shirin gasar cin kofin duniya ta Katar, ya canja sifikokin gaba ukun da wasu dogaye masu kyan gini da tsabtar murya. Sababbin masu om 4 ne, kuma adadin da ke takardarsu desibel 86 ne. Bai ɗauki waɗannan lambobi biyu da muhimmanci ba a lokacin, kuma babu abin da ya faru a watannin sanyi da zai sa ya waiwaye su. Abin da ya lura da shi kawai shi ne yanzu sai ya ƙara murya fiye da da kafin ya ji yadda yake so.

Maris da Afrilun 2023: risiba ta fara ɗaukewa

Matsalar ta bayyana ne da shigowar zafi. A tsakiyar watan Maris risibar ta mutu da kanta ana cikin kallo, fitilarta ta koma ja tana ƙiftawa, kuma ba ta yarda ta tashi ba sai bayan kamar minti goma. Cikin azumi, wanda ya fara a ranar 23 ga Maris a wannan shekarar, kallon ya ragu, don haka abin ya lafa. Amma a makon ƙaramar sallah, da baƙi suka cika falon aka ƙara murya, ta ɗauke sau huɗu a kwana uku. Maigidan yana da ɗabi'ar rubuta abubuwa a ɗan littafi, kuma daga wannan littafin ne aka samo yawancin ranakun da ke cikin wannan bayani.

Bayan ɗaukewar akwai alama ta biyu, wadda ta fi damunsa. A duk wurin da sautin fim ya yi tsalle, kamar fashewa ko kiɗa mai ƙarfi da magana a samansa, sai sautin ya yi kaushi, muryoyin 'yan wasa su shige cikin hayaniya, kunne ya gaji tun fim bai yi rabi ba. Uwargidan ce ta fara faɗin abin a fili, inda ta ce tsofaffin sifikokin sun fi waɗannan daɗin sauraro, alhali sababbin sun ninka su kuɗi.

Afrilu zuwa Yunin 2023: gyare-gyaren farko

Abu na farko da aka ba shi shawara a kai shi ne wayoyi. Ya cire siraran da yake amfani da su ya sa masu kauri na jan ƙarfe zalla. Wannan bai cutar da komai ba, amma risibar ta sake ɗaukewa bayan kwana biyu.

Na biyu, ya shiga saitin risibar ya juya ta daga om 8 zuwa om 4, tunda abin da ke rubuce a bayan sifikokin ke nan. Ɗaukewar ta ragu sosai, sai dai kaushin sautin ya ƙaru, kuma ya fara zuwa tun murya ba ta kai inda take kaiwa a da ba. Dalilin sananne ne ga masu wannan sana'a: a galibin risibobi wannan saiti ba ya ƙara musu ikon tura wuta, abin da yake yi shi ne rage ƙarfin da amfilifayar ciki za ta iya fitarwa domin kada ta yi zafi. Risibar ta samu sauƙi, sautin kuma ya rasa wurin miƙewa, don haka ƙololuwarsa take yankewa da wuri. Wannan yankewa ita ce kaushin da kunne ke ji, kuma ita ce take ƙona ƙananan sifikokin da ke ba da siririn sauti idan abin ya daɗe. Bayan mako uku ya mayar da saitin yadda yake.

Na uku, a watan Mayu, ya fito da risibar daga durowa ya ɗora ta a kan teburi a fili, ya ajiye ƙaramar fanka a gefenta. A nan ne ya fara ganin canji na gaske, domin a watan Yuni gaba ɗaya sau ɗaya ta ɗauke. Kaushin kuwa yana nan yadda yake. Daga nan ya yanke shawarar cewa ƙarfi ne ya gaza, ya fara neman amfilifaya ta waje. Da ya duba bayan risibar sai ya tarar da jerin ramuka da aka rubuta PRE OUT a samansu, wato inda sauti ke fita kafin a ƙarfafa shi, na dukkan layuka. Wannan sa'a ce, domin ƙananan risibobi da yawa ba su da irin waɗannan ramuka sai na wufa kaɗai, kuma in babu su ba yadda za a haɗa amfilifaya ta waje ta hanyar da ta dace, sai dai a sayi wata risibar.

Yulin 2023: amfilifayar masu biki

Wani makwabcinsa mai ba da hayar lasifika a wuraren biki da wa'azi ya ara masa amfilifaya mai layi biyu, irin wadda ake ɗaurewa a cikin akwatin ƙarfe. Ya haɗa mata sifikar hagu da ta dama, da wayoyin da aka yi wa ƙarin kai domin ramukan ba iri ɗaya ba ne. Ƙarfi kam ya samu, kuma a karon farko ya ji abin da dogayen sifikokin za su iya yi. Amma na'urar an gina ta ne domin fili da hayaniya. Fankokinta biyu suna kaɗawa ba tsayawa, kuma a falon da aka rufe cikin dare ana jin su daga kujera a duk wurin da fim ya yi shiru. Akwai kuma wani siririn huci da ke fitowa daga sifikokin ko da ba a kunna komai ba. Ga shi sai an tashi an kunna ta da hannu an kashe da hannu, kuma ranar da yara suka kashe risiba kafin ita sai sifikokin suka yi wata ƙara mai firgitarwa. Sifikar tsakiya, wadda ke ɗauke da kusan dukkan maganganun fim, tana nan a kan risiba, don haka muryoyi ba su daina dusashewa ba. Bayan kwana goma sha biyu ya mayar wa mai ita da godiya.

Agusta da Satumban 2023: mai layi bakwai daga Amurka

Wannan shi ne mataki mafi tsada a duk lamarin. Tunaninsa shi ne tunda risibar layi bakwai gare ta, to amfilifaya mai layi bakwai ya kamata ya nema domin ya huta gaba ɗaya. Ta hannun wani dillalin kayan da aka yi amfani da su ya samu wata da aka shigo da ita daga Amurka, mai wat 200 a kowane layi, nauyinta ya haura kilo 35, sai da mutum biyu suka kama aka shigar da ita. Irin ta ajin AB ce, wato tsarin amfilifaya na gargajiya, mai babbar taransfoma zagayayya a cikinta. Lafiyarta ƙalau, kuma dillalin bai ɓoye cewa ta bolt 120 ce ba, ya haɗa masa da taransfomar rage wuta mai wat 2,000.

Sautinta ya gamsar da shi ƙwarai, amma gidan bai iya zama da ita ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa bolt 120 ce mai juyi 60. Taransfomar rage wuta tana gyara bolt ne kawai, ba ta taɓa yawan juyin, kuma taransfomar da aka naɗa domin juyi 60 takan fi zafi ta kuma yi gurnani idan aka sa ta a juyi 50. Haka aka yi: akwatuna biyu suna gurnani a kusurwar falo, ita da mai rage wutar. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne inbatar gidan mai kVA 3.5. Babbar taransfoma takan zuƙi wuta mai yawa a daƙiƙar farko da aka kunna ta, ga taransfoma biyu a jere, don haka duk lokacin da aka kunna amfilifayar babu wutar gari sai inbatar ta ɗauke, gidan ya yi duhu, firji da fankoki su tsaya. A littafinsa ya rubuta hakan sau tara a cikin makonni biyar. Zafin da take fitarwa kuma ya sa dole a kunna na'urar sanyaya ɗaki ko da damina ce. A ƙarshen Satumba ya sayar da ita a kan kuɗin da bai kai wanda ya saya ba.

Oktoban 2023: awo da lissafi

A nan ne na shigo cikin lamarin, ta hanyar wani ɗan'uwansa da na taɓa haɗa wa kaya. Da na isa, tambayarsa ta farko ita ce wace amfilifaya ce ta fi kyau. Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni yamma biyu in auna abin da falon nan yake buƙata, sannan mu yi maganar saye." Ya ce, "Malam, na riga na yi asara sau ɗaya, ka ɗauki ko mako ne."

Na fara da soket. Da rana mita ta nuna bolt 221, amma da ƙarfe takwas na dare, lokacin da unguwa ta kunna komai kuma lokacin da yake kallo, ta sauka zuwa 185. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga risiba mai taransfoma ta gargajiya, domin ƙarfin da za ta iya bayarwa yana raguwa fiye da yadda bolt ɗin bango ke raguwa: idan wuta ta koma kashi 80 cikin ɗari, ƙarfin yakan koma wajen kashi 65. Kusan sulusin abin da ya biya kuɗi a kai yana tafiya kafin ma a fara fim.

Sai takardar risibar. A jikin kwali an buga wat 100 ga kowane layi, amma a ƙananan rubutu an bayyana cewa an auna hakan ne ana tura layi biyu kacal a kan om 8. Dukkan layukan bakwai daga taransfoma ɗaya suke sha, kuma farantin bayan risibar ya nuna tana cin wat 600 daga bango. Amfilifayar ajin AB a aikace takan mayar da wajen kashi 60 na abin da ta ci ya zama sauti, saura ya tafi a zafi. Wannan ƙiyasi ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa idan layuka bakwai suka nema a lokaci ɗaya, rabon kowanne yana kusa da wat 50 ne, ba 100 ba, kuma wannan a cikakkiyar wuta ke nan.

Daga nan muka zo kan sifikokin, kuma a nan na fi daɗewa domin a nan amsar take. Adadin desibel 86 da ke takardarsu an auna shi ne da bolt 2.83. A sifika mai om 8 wannan wat ɗaya ne, amma a mai om 4 wat biyu ne. Sauti kuma yana raguwa da nisa. A fili yakan rage desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, wato desibel 12 a mita 4, sai dai bangon ɗaki yana dawo da wani abu, kuma a falonsa na auna ragin ya kama desibel 9. Ke nan wat biyu yana ba shi desibel 77 a kujerarsa. Ma'aunin da masana'antar fim ke haɗa sauti a kai, wanda kamfanin THX ya yaɗa tun kafuwarsa a 1983, yana barin kowane layi ya kai desibel 105 a ƙololuwa, kuma idan aka saita risiba daidai, sifiri a jikin allonta yana nufin wannan matsayi. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wat sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma sau goma. Don haka da zai nemi cikakken ma'aunin silima da waɗannan sifikoki, sai ya tanadi fiye da wat 1,200 ga kowace ɗaya, abin da ba su ma iya ɗauka.

To amma ba ya sauraro a can. Na roƙe shi ya zauna ya sa murya yadda ya saba, na duba allo. Idan yana tare da iyali lambar tana kan 20 ƙasa da sifiri, wato ƙololuwa desibel 85, kuma wannan wat 13 kawai yake nema, shi ya sa ba a taɓa samun matsala a irin wannan kallon ba. Idan abokai suka zo kuwa yakan kai 10 ƙasa da sifiri, ƙololuwa desibel 95, wanda ke neman kimanin wat 126 a kan om 4, da wuta mai yawan amfiya 5.6 ga kowace sifika. Na sake yin lissafin da tsofaffin sifikokinsa: a wannan murya ɗin wat 25 suke nema, da amfiya 1.8. Na rubuta lambobin biyu a gefen juna a littafinsa, 25 da 126. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce ashe tun ranar da ya canja sifika ya ɗora wa risibar kaya ninki biyar. Sifikokin gefe da na silin kuwa, da yake ƙanana ne masu om 8 kuma suna kusa da kunne, babu wadda ta nemi fiye da wat 15.

Abu na ƙarshe da na gano a saiti yake. Lokacin da ya sa makirufo risibar ta auna ɗakin da kanta, ta ɗauki sifikokin gaba a matsayin manya, tana tura musu dukkan sauti har da mafi zurfi, wanda shi ne ya fi cin wuta, alhali ga wufa a zaune da amfilifayarta. Na mayar da su matsayin ƙanana, na yanka a Hz 80, wato sauti mai juyi 80 a daƙiƙa, duk abin da ke ƙasa da haka ya koma wa wufa. A daren nan zafin murfin risibar bayan awa biyu ya tsaya a digiri 47, maimakon 54 da na auna a daren da ya gabata, kuma kaushin ya ragu har uwargidan ta leƙo ta tambaya ko an sayo sabon abu ne. A murya 10 ƙasa da sifiri dai har yanzu yana nan a wurare masu tsanani.

Nuwamba da Disamban 2023: zaɓi

Da waɗannan lambobi muka rubuta sharuɗɗa kafin mu kalli sunan kowane kamfani. Layi uku ake buƙata, na gaba, tunda su kaɗai ne suka fi ƙarfin risiba, kuma idan aka sauke mata su, taransfomarta za ta wadaci ƙananan huɗun da suka rage. Dole a ga adadin wat a kan om 4 a rubuce, ana tura dukkan layuka tare, kuma ya kai aƙalla 250 domin a samu rarar desibel 3 a kan 126. Dole ta karɓi wutar bolt 230 ba tare da wata taransfoma ba, ta jure saukar wuta, ta kuma tashi a hankali yadda inbata ba za ta ɗauke ba. Dole ta zama marar fanka, mai ramukan RCA irin na PRE OUT ɗin risibar, mai kuma ramin siginar bolt 12 wanda ke sa ta tashi ta kwanta tare da risiba.

Sharaɗi ɗaya ya rage wanda mutane ke yawan mantawa, wato yawan ninkin da amfilifaya ke yi wa siginar da ta shigo mata. Wadda aka rubuta wa desibel 29 tana ninka bolt sau 28, don haka domin ta fitar da wat 300 a kan om 4 tana buƙatar bolt 1.2 daga risiba. Wadda aka rubuta wa desibel 26 sau 20 take ninkawa, sai an ba ta bolt 1.7. Ramukan PRE OUT na risibobi da yawa sukan fara gurɓata sigina kafin su kai bolt 2, musamman idan amfilifayar cikin risibar tana kunne. Wasu risibobin Denon da Marantz na baya-bayan nan suna da saitin da ke katse amfilifayar ciki saboda wannan dalili, amma tasa ba ta da shi, don haka muka tsaya a kan mai desibel 29.

Sharuɗɗan da kansu suka kai mu ga ajin D. Irin wannan amfilifaya takan mayar da wajen kashi 90 na wutar da ta ci zuwa sauti idan tana aiki sosai, don haka ba ta da nauyi kuma ba ta zafi kamar ajin AB. A da ana yi mata kallon abin wufa da motoci kawai, amma aikin kamfanoni irin su Hypex na Holan da ICEpower da Purifi na Denmak, da injiniyoyi irin su Bruno Putzeys ɗan Beljiyam, ya kai ta matsayin da manyan kamfanonin kayan sauti ke gina nasu a kanta. Ya yi jinkirin makonni yana duba farashi, domin dala da take wajen naira 750 a kasuwar bayan fage a farkon shekarar ta riga ta haura dubu, kuma kullum ƙara hawa take. Mai layi biyar ta ja hankalinsa don gaba, amma bambancin kuɗin ya yi yawa a kan layuka biyun da lissafi ya nuna ba sa buƙata. A tsakiyar Disamba ya biya kuɗin mai layi uku, wat 300 a kan om 4, wadda ke karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, nauyinta bai kai kilo 8 ba.

Janairun 2024: haɗawa da gurnanin da ya biyo baya

Ta iso a mako na biyu na Janairu. Haɗawar ba ta ɗauki awa ɗaya ba: wayoyin RCA uku daga risiba, wayar sigina ɗaya, sannan aka mayar da wayoyin sifikokin gaba zuwa gare ta. Da aka kunna sai ga gurnani mai zurfi daga sifikokin uku, wanda ba ya ƙaruwa ko raguwa da murya. Na ga fuskarsa ta canja, domin ya zaci tarihin Agusta ne zai maimaita kansa. Muka bi wayoyin da ke shiga risiba muna cirewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da na zare wayar HDMI ta dikodar tauraron ɗan'adam sai falon ya yi tsit. Wayar da ta sauko daga dish ba a haɗa ta da ƙasa ba, sabuwar amfilifayar kuma tana da ƙafar ƙasa a fulogonta, don haka wata 'yar wuta ta samu hanya tana ratsawa ta cikin wayoyin sauti.

Wani da ke wurin ya ce a karya ƙafar ƙasar fulogon a huta. Ban yarda ba, domin wannan ƙafar ita ce ke hana jikin na'ura kama mutum idan wani abu ya lalace a ciki, kuma gida ne mai yara. Abin katse wuta da ake sa wa wayar eriya ma ba zai yi ba, domin dikoda ta wannan wayar take aika wa kan dish wutar da yake aiki da ita. Mai gyaran wuta ya zo washegari ya haɗa rigar wayar dish da ƙasar gidan a inda take shigowa, muka kuma tattara dukkan na'urorin a kan soket ɗaya. Gurnanin ya tafi. Daga nan aka sake awon ɗaki da makirufo tun daga farko, tunda ƙarfin layukan gaba ya canja, aka sake mayar da yankan Hz 80 da hannu, aka kuma sa wa risibar sitabilaiza saboda saukar wutar dare.

Fabrairu zuwa Mayun 2024: sakamako

Gwaji na farko da mutane da yawa shi ne wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a ranar 11 ga Fabrairu, wanda Kwaddibuwa ta ci Najeriya biyu da ɗaya. An yi shi a kan inbata daga farko har ƙarshe, ba ta ɗauke ba. Gwaji na gaske kuwa shi ne makon sallah a watan Afrilu, kimanin shekara guda da fara matsalar, ana zafin da ke kaiwa digiri 40 da rana. An yi kallo na awa uku a murya 10 ƙasa da sifiri; murfin risibar ya tsaya a digiri 41, na amfilifayar a 38, kuma muryoyin 'yan wasa sun fito sarai a wuraren da a da suke nutsewa. Daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu babu ɗaukewa ko ɗaya a littafin. A murya 20 ƙasa da sifiri, wadda ita ce ta yau da kullum, shi da kansa ya ce bai ji wani bambanci tsakanin yanzu da bayan gyaran Oktoba ba, kuma lissafi ya goyi bayansa, domin wat 13 ba ta taɓa fin ƙarfin risibar ba.

Hukunci a kan lamarin

A ganina risibar ba ta da laifi, kuma sifikokin ma ba su da shi. An haɗa abubuwa biyu ne da ba a auna su da juna ba, zafin Kano da saukar wutar dare suka fito da abin fili. Wajen rabin matsalar an magance shi ba tare da kashe ko kwabo ba, ta hanyar fito da risiba daga durowa da mayar wa wufa aikinta, kuma da maigidan ba ya wuce murya 15 ƙasa da sifiri, inda buƙatar ba ta wuce wat 40 ba, da na ce masa ya riƙe kuɗinsa. Amfilifayar ta cancanci saye ne saboda dalili ɗaya da za a iya nunawa a takarda, wato wat 126 a kan om 4 a layuka uku lokaci guda.

Mai layi bakwai ta Amurka na'ura ce mai kyau, kuma a gidan da ke da wutar da aka gina ta dominta da ta yi shekaru tana aiki. Kuskuren da aka yi a kanta shi ne an zaɓe ta da yawan layi da yawan wat, ba a tambayi soket da inbata da yanayin ɗaki ba, kuma an biya kuɗin layuka huɗu da ba su da aikin yi. Na masu biki kuma ta nuna cewa ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa a ɗakin da ake sauraron shiru kamar yadda ake sauraron ƙara. Abin da ban gamsu da shi ba har yanzu shi ne falon kansa: tayil da bangon da babu komai a jikinsa suna dawo da sauti fiye da kima, kuma babu amfilifayar da za ta gyara wannan. Na ba shi shawarar babbar darduma mai kauri tsakanin kujera da sifikokin gaba, ya ce zai shimfiɗa ta bayan an gama fentin da ake shirin yi wa falon, sannan mu sake awon ɗakin.